Fursuna Mai Ciwo Mai Tsanani: Wa Ke da Ikon Sakinsa, Kuma ta Wace Hanya?

Duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda aka yi wa afuwa, ko daga Abuja ko daga Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin Kaduna, sai an ji rashin lafiya a cikin dalilan da aka bayar. Daga nan tambayoyi suke tasowa a majalisu da shirye-shiryen rediyo. Idan ciwo yana fitar da mutum daga kurkuku, me ya sa wane ya fita amma ɗan maƙwabcinmu da ƙoda ta gaza yana ciki? Alƙali ne ke saki ko gwamna? Shin gandiroba yana iya cewa a tafi da marar lafiya gida?

Tushen ruɗanin shi ne Nijeriya ba ta da doka guda da ta ce idan ciwon fursuna ya kai mataki kaza, a bi hanya kaza, a ba da amsa cikin kwana kaza. Abin da ake da shi ƙofofi ne daban-daban, kowace da mai riƙe da mabuɗinta, kuma matsayin fursunan a gaban shari'a ne ke nuna wadda za a ƙwanƙwasa. Iyalai da yawa suna ɓata watanni a bakin wadda ba tasu ba, ciwo kuwa ba ya jira.

## Abubuwan da ake cakuɗawa

Kai fursuna asibiti ba saki ba ne. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar gidajen yari, ta ba shugabannin hukumar ikon mayar da mai ciwo mai tsanani asibitin waje idan likitan hukumar ya ba da shaida a rubuce cewa gidan ba shi da abin kula da shi. Idan abin gaggawa ne, mai kula da gidan yana iya ba da umarnin. Amma mutumin yana nan a matsayin ɗaurarre, da gandirobobi a bakin gadonsa, kuma da ya samu sauƙi za a mayar da shi.

Beli na wanda ba a yanke wa hukunci ba ne, ko wanda aka yanke wa amma ya ɗaukaka ƙara. Ga wanda ke gidan yari, kotu kaɗai ke ba da shi, kuma shari'ar tana ci gaba.

Afuwa iko ne da tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa a sashe na 175, ya ba gwamna a sashe na 212. Iri huɗu ce: yafe laifin ɗungurungum ko bisa sharaɗi, jinkirta zartar da hukunci, musanya hukunci da wanda ya fi shi sauƙi, da rage wa'adi ko tara. Saboda haka wanda aka ce an yi wa afuwa ba lallai ne ya kwana a gida ba. Mai hukuncin kisa da aka mayar masa da shi ɗaurin rai da rai yana cikin jerin, amma yana nan a ɗakinsa.

Akwai kuma ragin da ake yi wa mai kyakkyawan hali, kashi ɗaya cikin uku na wa'adi, wanda shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Wannan lissafin hali ne, ciwo ba ya ƙara shi. Haka sakin sharaɗi da sashe na 468 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya tanada: yana duban wanda aka ɗaure shekara 15 ko fiye, ko rai da rai, mai kyakkyawan hali, wanda ya cinye kashi ɗaya cikin uku. Lafiya ba ta cikin ma'auninsa.

Sai ziyarar Babban Jojin jiha. Wata dokar 1977 ta ba shi ikon sallamar wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda ya daɗe yana jiran shari'a fiye da abin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. A irin wannan ziyara marasa lafiya cikin masu jiran shari'a sukan samu beli ko sallama, amma Babban Joji ba ya yafe wa wanda kotu ta riga ta ɗaure.

## Haƙƙin magani, kafin a zo maganar saki

Hukuncin ɗauri yana karɓe 'yancin yawo ne. Bai haɗa da hana magani ba. Sashe na 34 na tsarin mulki ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, kuma sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Nijeriya ta mayar doka a cikin gida, ya ɗora wa gwamnati kula da marar lafiya. A 2004 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta yi hukunci a ƙarar da wasu masu jiran shari'a masu ɗauke da cutar ƙanjamau suka shigar. Ta ce barinsu a tsare ba magani azabtarwa ne, ta kuma umarci a kai su asibiti. Lauyoyi har yau suna kafa hujja da wannan hukunci.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun fi fayyace abin. Fursuna ya samu kulawa daidai da ta mutanen gari kuma kyauta. Ma'aikacin lafiya ya duba shi da zarar an kawo shi. Shawarar magani ta likita ce, jami'in da ba likita ba ba shi da hurumin soke ta. Idan ciwo ya yi tsanani a sanar da iyali. Dokar 2019 ta ɗauko abubuwa da dama daga nan, har ta hana gidan gyaran hali karɓar wanda aka kawo da mummunan rauni, ko a sume, ko cikin taɓin hankali, ko yaro ƙarami. Manufar ita ce kada a jibge wa gandirobobi wanda aka jikkata a hannun masu bincike, ya mutu a wurinsu.

A aikace kuwa cunkoso ne ke yanke hukunci. Fursunonin ƙasar nan sun kai wajen 80,000 a gidajen da aka gina don wajen 50,000, kuma kusan biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba. Babban gidan Kaduna da ke titin Independence ginin zamanin Turawan mulkin mallaka ne, ga na Zariya da na Kafanchan da sauran ƙanana a ƙananan hukumomi. Kuɗin abincin fursuna ya tashi daga naira 750 zuwa naira 1,125 a rana, wato naira 375 kowane ci idan sau uku ne. Mai ciwon suga da aka ce ya rage tuwo da garin kwaki ba shi da zaɓi a wannan lissafi, kuma allurar insulin tana buƙatar wuri mai sanyi da abinci a kan lokaci. Idan aka yi allurar abinci ya makara, suga ya faɗi, mutum yana iya suma cikin dare a ɗakin da aka kulle tun yamma.

Tarin fuka shi ne cutar da ta fi son ɗaki mai cunkoso marar iska. Maganinsa kyauta ne a Nijeriya, kuma tsarinsa a bayyane yake: wanda ya yi mako biyu yana tari a gwada majinarsa, idan an samu cutar ya sha magunguna huɗu na wata biyu, sannan biyu na wata huɗu, wata shida ke nan ba fashi. Inda ake samun matsala shi ne tsakiyar hanya. A mayar da fursuna wani gida ba tare da katinsa ba, ko a sallame shi a kotu ya tafi ƙauye ba takardar komawa wata cibiya, ko ya ji sauƙi a wata na biyu ya daina sha. Sakamakon shi ne tarin da ba ya jin maganin farko, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala, kuma gandiroba da mai kawo ziyara suna iya kwasarsa su kai gida. Jihar Kaduna tana da cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye kusa da Zariya, saboda haka ƙwararru ba su yi nisa ba. Abin da ke nisa shi ne mota da mai da jami'an rakiya.

Wannan batun rakiya shi ne abin da mutanen waje ba sa gani. Fursuna ɗaya a gadon Asibitin Barau Dikko yana buƙatar masu gadi dare da rana, ana canjin aiki, kuma duk wanda aka tura an cire shi ne daga gidan da dama ma'aikata ba su isa ba. Idan fursunan ya gudu, jami'in ne zai amsa tuhuma. Saboda haka mai kula da gida yana da dalilin jan ƙafa, musamman a ciwon da ba ya ƙarewa. Wankin ƙoda, yadda likitoci ke so, sau uku ne a mako, kusan awa huɗu kowane zama. Mai ciwon daji da ake gasa wa ƙari a asibitin koyarwa na Shika yana zuwa kullum na makonni. Mai shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar a juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, a yi masa wanka, a ba shi abinci a baki, kuma a gidan yari 'yan ɗakinsa ne ke wannan aiki idan Allah ya haɗa shi da masu tausayi. A irin waɗannan cututtuka ne maganar magani take rikiɗa ta koma maganar saki.

## Mai jiran shari'a: hanyar kotu

Wanda ba a yanke wa hukunci ba, doka tana ɗaukarsa marar laifi, kuma maganarsa a kotu take. Rubuta wa gwamna a kansa yawanci ɓata lokaci ne. Idan laifin da ake tuhumarsa da shi ƙarami ne, kotun da ke shari'ar tana iya ba da beli, rashin lafiya kuma ƙarin dalili ne. Wahalar tana wurin manyan laifuka masu hukuncin kisa, irin su kisan kai da fashi da makami. Akan kai irin waɗannan gaban majistare wanda ba shi da hurumin yin shari'ar, ya tura su gidan yari a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a, fayil ya kwanta. Majistaren ba zai iya ba da beli ba komai tsananin ciwon. Sai Babbar Kotu.

Sashe na 161 na dokar tarayya ta 2015 ya ce alƙalin Babbar Kotu yana iya ba da irin wannan beli a yanayi na musamman, ya kuma lissafa rashin lafiya a ciki, da sharuɗɗa biyu. Na farko, ƙwararren likita mai aiki a asibitin gwamnati ya tabbatar da ciwon. Na biyu, mai neman belin ya nuna cewa hukumar da ke tsare da shi ba ta da kayan kula da wannan ciwo. Jinkirin da ya wuce shekara ɗaya ba a gurfanar da mutum ba shi ma dalili ne mai zaman kansa. Kaduna tana da tata dokar ta 2017 da aka gina a kan tsarin ta tarayya, kuma ita lauya zai duba idan laifin na jiha ne.

Sharaɗi na biyu ne yake kayar da yawancin buƙatu. Tun a 2002, a ƙarar belin Mohammed Abacha, Kotun Ƙoli ta nuna cewa faɗin ba ni da lafiya kawai bai isa ba, kuma wanda ke tsare yana da haƙƙin magani amma ba lallai a wurin likitan da ya zaɓa ba. Rahoton da zai yi aiki a gaban alƙali dole ya amsa tambayoyinsa tun kafin ya yi su. Ya faɗi sunan cutar da matakin da ta kai, da sakamakon gwaji da ranar da aka yi shi. Ya faɗi irin jinyar da ake buƙata da sau nawa a mako. Ya faɗi abin da zai faru idan ba a yi ba, da cikin wane lokaci. Ya nuna ko cutar tana yaɗuwa. Likitan ya sa sunansa da muƙaminsa da hatimin asibiti. Sannan a samu takarda daga ɗakin shan magani na gidan yarin da ke cewa ba su da wannan kayan aiki, ko aƙalla takardar da suka tura shi asibitin waje da ita, domin ita kanta shaida ce cewa abin ya fi ƙarfinsu.

Kurakuran da ake yawan yi sanannu ne. A kawo rahoton asibitin kuɗi alhali doka ta ce na gwamnati. A kawo rahoton bara. A kawo takarda mai layi biyu da ta ce yana fama da hawan jini, cutar da lauyan gwamnati zai ce ana ba da ƙwayarta a ciki. Ko a samu belin amma da sharaɗin mai tsayawa babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar mallakar fili a cikin gari, iyali su kasa cikawa, su zauna. Ba su san ana iya komawa kotu a nemi sassauta sharaɗi ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Kaduna, kuma ƙa'idojin 2009 na ƙarar kare haƙƙi sun yarda ɗan'uwa ko ƙungiya su shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare.

Akwai matsakaiciyar hanya da mutanen Kaduna suka gani da idonsu. Ranar 5 ga Agusta 2019 Babbar Kotun jihar ta ba Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa Zeenat izinin zuwa Indiya neman magani tare da rakiyar jami'an gwamnati. Ba beli ba ne, ba kuma sallama ba. Sun dawo cikin 'yan kwanaki ba a yi jinyar ba, bayan saɓani a kan likitoci da yanayin tsaro, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi. Sallamarsu ta zo ne a Yuli 2021, lokacin da kotu ta wanke su daga tuhumar. Abin lura ga lauyoyi shi ne umarnin kotu na zuwa jinya yana buƙatar fayyace wa zai zaɓi likita, wa zai biya, kuma ina iyakar ikon masu rakiya.

## Wanda aka ɗaure: hanyar afuwa

Idan hukunci ya riga ya faɗi, tambayar farko ita ce dokar wa aka karya. Laifukan da ke cikin kundin laifuka na Jihar Kaduna, kamar sata da fyaɗe da kisan kai, afuwarsu a hannun gwamna take, bayan ya tuntuɓi majalisar ba da shawara kan afuwa ta jiha, wadda a al'ada Kwamishinan Shari'a ke jagoranta. Laifukan dokar tarayya, kamar safarar miyagun ƙwayoyi da ta'addanci, na shugaban ƙasa ne bayan ya tuntuɓi Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Ginin gidan yarin da kakin gandiroba na tarayya ne, shi ya sa mutane ke zaton Abuja ce ke da kowa, alhali mafi yawan waɗanda ke ciki laifin jiha suka yi.

Takardar roƙo tana iya fitowa daga fursunan ta hannun mai kula da gidan, ko daga iyali ko lauya zuwa Ma'aikatar Shari'a. A haɗa da kwafin hukunci da takardar ɗauri, lissafin abin da ya cinye da abin da ya rage, rahoton halinsa, rahoton likita irin wanda aka bayyana a sama, da takardar wani ɗan'uwa da ya ɗauki nauyin karɓarsa da jinyarsa, da adireshi. Idan akwai diyya ko kuɗin ramuwa da kotu ta ce a biya wanda aka cuta, a nuna an biya ko an yi sulhu, domin wannan yakan riƙe mutum ko bayan an yafe tara. Idan akwai ƙarar da aka ɗaukaka, sai an yi shawara da lauya. Kotun Ƙoli ta bayyana a 2005 cewa mai hukuncin kisa da ƙararsa ba ta ƙare ba, ba a yi masa afuwa sai an gama. Ga wanda ƙararsa ke tafiya akwai neman beli kafin a saurari ƙarar, amma ma'auninsa ya fi na farko tsauri tunda yanzu akwai hukunci a kansa.

Raunin wannan hanya a tsarinta yake. Afuwa alfarma ce, ba haƙƙi ba. Babu wa'adin da aka ɗora wa majalisar ta zauna, babu tilas a ba da dalilin ƙi, kuma an saba fitar da sunaye ne a ranakun biki kamar sabuwar shekara da 1 ga Oktoba da Ranar Dimokuraɗiyya. Wanda likita ya ce saura masa wata biyu a watan Fabrairu, lissafin bai yi masa daidai ba.

An taɓa ganin ma'auni a rubuce. A ƙarshen Maris 2020 tsoron korona ya tayar da tarzoma a gidan yarin Kaduna, hukumar ta tabbatar da mutuwar fursunoni huɗu. Ranar 9 ga Afrilu ministan cikin gida na lokacin, Rauf Aregbesola, ya sanar da afuwa ga mutum 2,600, da rukunai a bayyane: masu shekara 60 zuwa sama, masu ciwon da ake ganin zai kai ga mutuwa, masu taɓin hankali, waɗanda aka ɗaure shekara uku ko fiye da saura musu ƙasa da wata shida, da masu tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba. Wannan ya nuna ana iya tsara ma'auni, amma sanarwa ce ta annoba, ba ta zama doka mai ɗorewa ba. Sakin mutum 4,068 da aka fara a Nuwamba 2023 kuwa na masu tara ne da aka biya musu naira miliyan 585, ba na marasa lafiya ba.

Masu hukuncin kisa, waɗanda sun haura 3,000 a ƙasar, suna da wata dama a dokar 2019. Wanda ya ƙare duk matakan ɗaukaka ƙara, aka shekara 10 ba a zartar ba, Babban Joji yana iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. A wannan rukuni ne ake samun tsofaffi da makafi da waɗanda hankalinsu ya gushe saboda daɗewa.

## Masu goyon baya da masu ja

Masu son a faɗaɗa sakin marasa lafiya suna cewa manufar ɗauri ta ƙare a kan wanda ba ya iya tashi daga tabarma. Ba zai cuci kowa ba, ba ya cikin halin koyon sana'a, kuma alƙali ɗaurin shekara bakwai ya yanke masa, bai yanke masa mutuwa ba. Suna ƙarawa da lissafin kuɗi da na ma'aikata, da haɗarin yaɗa cuta. Malamai a cikinsu suna tuna cewa fiƙihu ma yana jinkirta bulalar haddi ga marar lafiya har ya warke, don kada hukuncin ya zarce abin da aka yanke.

Masu ja suna da hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko haƙƙin wanda aka cuta. Iyalin da aka kashe wa uba suna iya wayar gari su ga wanda ya kashe shi a unguwa ba wanda ya sanar da su, kuma a fahimtar Musulmi da yawa yafe jini na magada ne, ba na mai mulki ba. A jihar da ta sha rikici da garkuwa da mutane wannan ba ƙaramar magana ba ce, har tana iya jawo ɗaukar fansa. Ta biyu zargin cewa ciwon manya ne kaɗai ake gani. A Afrilu 2022 aka yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba afuwa cikin mutum 159. Fadar shugaban ƙasa ta kafa hujja da rashin lafiya, ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci kuma suka yi tir da matakin.

Wasu ƙasashe sun gamu da wannan gardama. A Sikotland an saki Abdulbasit al-Megrahi na Libiya, wanda aka ɗaure kan tayar da bam a jirgin sama, a Agusta 2009 bisa hasashen saura masa wata uku, bai rasu ba sai Mayu 2012, abin da ya nuna hasashen likita kan ajali ƙiyasi ne. A Afirka ta Kudu akwai kwamitin likitoci na musamman mai duba irin wannan buƙata. Shugaban gidajen yari ya tsallake shawarar kwamitin ya saki tsohon shugaban ƙasa Jacob Zuma a Satumba 2021, kotu ta ce sakin ya saɓa doka. A Amurka dokar 2018 ta ba fursunan tarayya damar zuwa kotu da kansa idan kwana 30 suka wuce da miƙa roƙonsa ga shugaban gidan. Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu a nan gida suna kuka ne da abu ɗaya. Inda babu ma'auni a rubuce da likitoci masu zaman kansu da wa'adi, mai hanya yana fita da ƙaramin ciwo, marar hanya yana mutuwa da babba.

## Abin da ya rage ga jiha da iyalai

A Maris 2023 aka yi wa tsarin mulki gyaran da ya mayar da gidajen gyaran hali cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke iya yi wa doka. Majalisar Dokokin Kaduna tana da hurumin tsara sakin jinya ga masu laifin jiha: ta fayyace cututtuka da matakin naƙasa, ta kafa kwamitin likitoci daga asibitocin koyarwa, ta sa wa'adin amsa, ta wajabta jin ta bakin waɗanda aka cuta, ta kuma ba da damar mayar da mutum idan ya warke ko ya karya sharaɗi. Gyaran yana tafe da nauyin kuɗi, domin jihar da ta karɓi iko za a tambaye ta kuɗin magani da abinci. Masu taɓin hankali suna da nasu tanadi a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa. Sai dai iyali da yawa ba sa son karɓar irin wannan majiyyaci, wanda ba shi da mai karɓa kuwa sakinsa yana nufin titi.

Ga iyalin da nasu ke ciki yanzu, aikin yana farawa tun ranar da aka kai shi. A kai katin asibitinsa da sunayen magungunansa ga ma'aikacin lafiyar gidan, a tabbatar an rubuta a fayil, domin ciwon da ba a rubuta ba tun farko ana yi masa kallon dabara idan aka kawo shi daga baya. Magani daga waje ya bi ta ɗakin shan magani a cikin kwalinsa. Duk roƙo a yi shi a rubuce, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata. Idan saki ya zo, kada a bar ƙofar gidan sai da taƙaitaccen rahoton jinya, da maganin da zai kai shi ganin likita na gaba, da takardar komawa wata cibiya ga mai tarin fuka ko mai shan maganin ƙanjamau, wanda ba a son ya yi fashin ko 'yan kwanaki.

Idan kuwa rai ya yi halinsa a tsare, doka ta tanadi a sanar da dangi kuma a binciki musabbabin mutuwar. Iyalan Musulmi sukan so a ba su gawa nan take a yi sutura, su sa hannu cewa ba sa buƙatar binciken likita. Haƙƙinsu ne su zaɓa, amma ya kamata su san cewa wannan sa hannu yakan raunana duk wata ƙarar sakaci da za su so shigarwa daga baya. Ko sun zaɓi gaggauta jana'iza, suna iya neman takardar shaidar mutuwa mai ɗauke da dalilin rasuwar, da kwafin fayil ɗin jinyarsa mai nuna ranar da ya fara kuka da ciwo da ranar da aka kai shi asibiti.